Yadda ake zaɓen ƙaramar kat-kat mai yin kwalta da jeji a arewacin Kamaru da Cadi

Mai neman ƙaramar kat-kat, wato mota mai jan taya huɗu (4x4), a Garwa, Marwa, Ngaundare ko Njamena, hanya zai fara dubawa kafin mota. Ka tuno wuri mafi muni da dole ka ratsa a cikin shekara: mashigar mayo, wato rafin da ke cika da damina, ta hanyar ƙauyenku a watan Agusta, ko yashin da ke tsakanin bakin kwalta da gonarka, ko hawan dutsen da ake bi zuwa kasuwar mako. Wannan ɗan wurin, ko da bai wuce kilomita 5 ba, shi zai faɗa maka irin motar da ta dace da kai, domin kwalta kowace mota tana yin ta. Abu na biyu mai yanke hukunci shi ne bakanike da kayan gyara. Motar da in wani ƙarfe ya karye a jikinta sai an aika Duwala ko Kano a zauna jiran makonni, ba ta yi maka ba komai kyanta.

Kowace hanya a yankinmu da abin da take nema a jikin mota. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Ngaundare ta gangaro dutse zuwa Mbe, ta bi ta Garwa da Marwa har Kusuri, tana neman birki mai kyau, inji mai jure zafi da shokozoba masu jure rami. Ɓangarenta na Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri, wajen kilomita 205, ya daɗe yana cin ƙafafun motoci. Duwatsun Mandara, daga Mokolo zuwa Rumsiki, suna neman mota mai tsayin ciki da taya mai kaurin gefe. Baƙar lakar karal da ake noman masakwa a kanta, da fadamun kogin Logon, da rani tauri gare su, amma ruwa ɗaya in ya sauka sai laka ta cika zanen taya ta mai da ita sumul. A Cadi kuwa, wajen Mawo da Bol, yashi ne mai laushi da ke shanye ƙarfin inji.

Tun da wuri mu faɗi gaskiya: idan aikinka kowane mako yana cikin zurfin yashin Kanem, yankin Mawo, ko lakar fadama da kaya niƙi-niƙi, ƙaramar mota ba za ta ɗauke shi ba, Hilux ko Land Cruiser kake bukata. Bayanin nan na mutumin da yawancin tafiyarsa kwalta ce da burji, amma lokaci-lokaci dole ya sauka daga titi.

Abin da ke ƙarƙashin rubutun 4x4

A nan aka fi cutar masu saye. Motoci da yawa masu siffar jif tayoyin gaba kawai ke jan su. RAV4, Tucson, Sportage, CR-V da Duster duk an ƙera su iri biyu, mai jan taya biyu da mai jan huɗu, kuma daga waje ba ka iya bambancewa. Toyota Rush da ta fito daga 2017 tana da tsayin ciki na milimita 220, amma tayoyin baya kaɗai ke jan ta. Saboda haka kada ka tsaya a kan rubutun da ke bayan mota, ana manna shi. Ka durƙusa ka leƙa. Mai jan taya huɗu tana da farfela, dogon ƙarfen nan mai juyawa da ya taso daga akwatin giya zuwa aksul na baya, sannan daga aksul ɗin akwai kardan biyu da suka tafi tayoyin baya. In ka ga aksul a baya amma babu farfela, an cire ta ne. Makanikai kan yi haka idan ta fara ƙara kuma mai mota ba ya son kashe kuɗi, ko idan abin da ke haɗa gaba da baya ya lalace. Irin wannan mota ta koma mai taya biyu, kuma ba ka san girman ɓarnar da aka ɓoye ba. RAV4 mai haɗa fetur da lantarki ce kawai za ka gani babu farfela tun daga kamfani, domin ita injin lantarki ne ke juya tayoyinta na baya.

Masu jan taya huɗu na gaskiya kuma kashi uku ne.

Kashi na farko su ne waɗanda ke tafiya da tayoyin gaba, sai sun fara zamewa kafin wani kuloci da ke kusa da aksul na baya ya kama ya tura ƙarfi baya. Haka RAV4 take daga 2006, haka X-Trail, Duster, Tucson da Sportage. Galibinsu suna da maɓalli mai rubutun LOCK wanda ke tilasta wa kulocin ya kama tun kafin taya ta zame. Ka nemi mai wannan maɓalli, domin a yashi, kafin mota ta gane cewa tana zamewa, tayoyin gaba sun riga sun haƙa rami. Ka kuma san iyakarsa: a RAV4 yana sakin kansa idan gudu ya wuce kilomita 40 a awa, kuma a dukansu in aka daɗe ana murza taya a wuri ɗaya kulocin yana zafi, fitila ta kama ƙiftawa, mota ta koma jan taya biyu har sai ya huce. CR-V ba ta da wannan maɓalli, shi ya sa ta fi dacewa da kwalta da burji.

Kashi na biyu su ne masu jan huɗu a kowane lokaci, kamar RAV4 ta 2000 zuwa 2005, Subaru Forester da Daihatsu Terios ta 2006. Suna riƙe hanya da kyau a kan burji mai tsakuwa da lokacin ruwan sama, sai dai sun ɗan fi shan mai.

Kashi na uku su ne masu giyar ƙarfi, wadda ake rubuta 4L a jikin sanda ko maɓalli. Wannan giya tana rage gudu ta ninka ƙarfin da ke isa taya kusan sau biyu, ta yadda mota za ta hau dutse a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba, ta kuma fita daga laka ba da gudu ba. A cikin ƙananan motoci, Suzuki Jimny da Grand Vitara ke da ita, sai tsohuwar Sportage ta shekarun 1990. Grand Vitara mai ƙofa uku da inji 1.6 ta bayan 2005 ba ta da ita, kada a ruɗe ka da sunan. A Jimny da tsohuwar Grand Vitara ta kafin 2005, ba a tafiya a kan busasshiyar kwalta da 4H (jan huɗu ba tare da giyar ƙarfi ba) ko 4L. Gaba da baya a kulle suke tare, a kwana kuma tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, sai ƙarafuna su yi ta murɗewa har sarƙar akwatin raba ƙarfi ko farfela ta gaji. Da ka hau kwalta ka mai da ita 2H, wato jan taya biyu.

Tsayin ciki da abin da ke fara taɓa ƙasa

A yawancin hanyoyinmu na burji, abin da ke tsai da ƙaramar mota tudun tsakiya ne da manyan motoci suka bari tsakanin sawun tayoyinsu. Motar da cikinta ya zauna a kan wannan tudu, ko tayoyi huɗu na juyawa ba inda za ta. Ka zo da awo ka auna daga ƙasa zuwa ƙarfe mafi sauka, wanda yawanci salansa ne, ko kaskon baƙin mai, ko aksul na baya. Kada ya gaza santimita 19, in ya kai 20 ko 21 ya fi. A takarda, RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana wajen milimita 190, Grand Vitara wajen 200, Duster mai jan huɗu da Jimny 210, Forester ta 2008 zuwa sama 220. Amma wannan awon sabuwar mota ce wadda ba kowa a ciki. Motar da ta shekara 15 sifirin ɗinta ya gaji, kuma mutum biyar da kaya za su sake danne ta da santimita 2 zuwa 3. Ka sa mutane su shiga baya ka sake aunawa.

Ka dubi tsawon hancin mota daga tayar gaba zuwa ƙarshen bamba. Gajeren hanci shi ke sauka gaɓar mayo ya hau ɗaya gaɓar ba tare da ya daki ƙasa ba. Sababbin motoci masu bamba mai leɓe a ƙasa a nan suke barin robobinsu, wani lokaci har da ƙasan lagireto.

Motocin da ake samu, da halin kowace

RAV4 ce aka fi sani, kuma dalilin da ya sa muke sa ta gaba ga yawancin mutane shi ne kayanta, sabo da na hannu, ana samun su a Garwa, Marwa da Njamena, kuma kusan kowane gareji ya taɓa buɗe ta. Injin fetur 2.0 da 2.5 su ne masu kwanciyar hankali, da sarƙa suke aiki ba bel ba. Injin 2.4 na shekarun 2006 zuwa 2008 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda zoben fistin, don haka ka duba sandar awon mai da bakin salansa sosai. Masu giyar otomatik na 2001 zuwa 2003 suna da matsalar kwamfutar inji da ke sa giya ta riƙa shiga da duka. In ba a gyara kwamfutar da wuri ba, akwatin giyar ne ke tafiya. Mai V6 3.5 tana da ƙarfi a kwalta, amma mai da inshora za su fi tsada, kuma ba ta ƙara maka komai a laka.

Grand Vitara mai ƙofa biyar ta 2005 zuwa sama ita ce ta fi daidaita tsakanin titi da jeji: tana jan huɗu kullum, tana da 4H LOCK da 4L LOCK, tankinta lita 66. Ta fi RAV4 shan mai da tauri a kan rami, kayanta kuma sai an nema. Mai inji 2.0 na fetur ita ce ta fi sauƙin riƙo. Kafin ka biya, ka je wurin masu sayar da kayan gyara a garinku ka tambayi abu uku: famfon ruwa, kuloci da shokozoba na gaba. In suna da su a kan kanta, ka ci gaba da ciniki.

Duster ba ta da nauyi, cikinta a sama yake, kuma mai jan huɗu tana da giyar hannu shida wadda giyarta ta ɗaya gajera ce ƙwarai, har tana ɗan maye gurbin 4L. A kan gargada tana da daɗin tafiya fiye da yadda kuɗinta ya nuna. Injinta na gazuwal (dizal) 1.5 da bel yake aiki, kuma in bel ɗin ya tsinke bawuloli na lanƙwashewa, ba ya kuma yafe gurɓataccen mai.

Jimny ta fi su duka a mummunan wuri, amma ƙarama ce ƙwarai. In mutum huɗu suka zauna babu wurin kaya, tankinta lita 40 ne, kuma a doguwar kwalta kamar Ngaundare zuwa Garwa tana gajiyar da direba, iska kuma na kaɗa ta. Ta yi wa ma'aikacin lafiya, malamin gona ko likitan dabbobi mai zagaya ƙauyuka shi kaɗai ko su biyu. Ga mai iyali ba ta isa ba.

X-Trail tana da faɗin wurin kaya, sai dai masu otomatik na fetur daga 2007 da giyar CVT suke zuwa, za mu zo kanta. Forester tana da kyau a hanya, amma masu gyaranta da kayanta sun yi ƙaranci a nan.

Fetur ko gazuwal, giyar hannu ko otomatik

Ga ƙaramar kat-kat ta hannu a yankinmu, fetur ya fi aminci. Injin gazuwal na zamani yana fesa mai da matsi mai tsanani ta ramuka ƙanana ƙwarai, ɗan ruwa ko ƙasa a cikin man ya isa ya kashe famfo da nozul, kuma kuɗin gyaransu ba kaɗan ba ne. Motocin gazuwal da suka fito daga Turai daga wajen 2010 suna da matatar hayaƙi a cikin salansa wadda aka ƙera don gazuwal mai ƙarancin farar wuta. Da irin man da ke yawo a nan tana toshewa, mota ta rasa ƙarfi, fitila ta kama. RAV4 mai gazuwal 2.2, musamman mai rubutun D-CAT, an san ta kuma da matsalar gaskit na kan inji.

Kowa ya san cewa bayan an bar manyan garuruwa, sau da yawa zuwa-zuwa, wato man bumburutu na kwalba da jarka, shi ne kawai man da ake samu. Injin fetur na gargajiya, marar turbo, wanda ba ya fesa mai kai tsaye cikin silinda, shi ya fi jure wannan. Ka guji masu rubutun GDI, irin na Pajero Pinin, da ƙananan injuna masu turbo. In dole ta sa ka sha na kwalba, ka tace shi da mazurari mai raga da tsumma mai tsabta, kada kuma ka karɓi na gindin jarka, domin a nan ruwa da laka ke kwanciya. Ka lissafa nisan da tanki zai kai ka: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 na kwalta, a yashi tana iya kaiwa 15 ko fiye.

Giyar hannu kowane gareji na gyara ta, kuma in batir ya mutu ana tura mota ta tashi. Otomatik na gargajiya, mai giya huɗu ko biyar, yana da kyau a yashi domin ba ya yanke ƙarfi lokacin canja giya, muddin ana canja mansa. CVT kuwa bel ne na ƙarfe da ke gudu tsakanin faifai biyu. A yashi da laka, inda inji ke aiki da ƙarfi mota kuma ba ta gudu, mansa na zafi, ya rage ƙarfi don kare kansa daidai lokacin da kake neman ƙarfin. Mai na musamman yake sha, kuma in an zuba masa man otomatik na yau da kullum ya mutu. A zafin Maris zuwa Mayu, da ake wuce digiri 40, ba mu ba mai shiga jeji shawarar sa.

Taya da kaya

Taya tana iya canja halin mota fiye da duk wani maɓalli. Ka zaɓi mota mai rim 16, ko 17 in babu yadda za a yi, da taya mai tsayin gefe irin 215/70 R16 ko 225/65 R17. Rim 18 da 19 masu siririyar taya suna fashewa a bakin rami, suna lanƙwasa rim, kuma a ƙananan garuruwa ba a samun madadinsu. Taya mai rubutun A/T ita ce ta tsaka-tsaki: tana yin kwalta ba ƙara mai yawa, gefenta na jure dutse da ƙayar aduwa.

A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara 6, ko zanenta na nan, robarta ta bushe, kuma zafin kwaltar Afrilu ne ke fasa ta. Wasu motocin da suka fito daga Turai da tayoyin hunturu suke zuwa, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu laushi gare ta, a nan tana cinyewa da sauri. Sannan tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. In ɗaya ta fi sauran girma, motar na ɗauka ana zamewa ne, sai kulocin baya ya yi ta kamawa har ya ƙone. Da yawa daga farfelolin da aka cire, daga nan matsalarsu ta faro. Safaya ma ta zama cikakkiyar taya. Siririyar nan ta wucin gadi ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma a burji ba ta daɗewa.

Waɗannan motoci ba sa ɗaukar fiye da kilo 450 zuwa 550, har da direba. Manya biyar sun cinye wajen 350, abin da ya rage bai fi buhun masara ɗaya da jakunkuna ba. A kan rufi kuma nauyi kaɗan aka yarda a ɗora, kuma kaya a sama na sa mota saurin kifewa a kwana. Wanda ya san zai riƙa ɗauko buhunan albasa ko masakwa daga gona ya nemi a-kori-kura.

Ranar duba mota

Ka je da safe, da bakanikenka wanda kai za ka biya, ka ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Ka taɓa inji ka ji a sanyaye yake. Injin da ya kwana shi ke nuna ƙarar sarƙa, wahalar tashi da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga silinda, baƙi kuma mai ne ya yi yawa. Ka buɗe murfin baƙin mai: in ka ga kumfa mai kalar madara, ruwa ya haɗu da mai. Ka juya makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun inji, ABS, jakar iska da 4WD duk sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi ko aka rufe ta. A sa kwamfutar bincike a karanta abin da ke ciki.

A hau da motar kan rami a gareji. Ka duba robobin kardan, in sun yage yashi ya riga ya shiga. Ka duba yoyon mai a akwatin raba ƙarfi da aksul na baya, da shokozoba masu jiƙa, da alamar walda ko duka a ƙarfen da ke riƙe da inji. Motocin Turai da Kanada gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin sanyi na cin ƙarƙashinsu, don haka ka ƙwanƙwasa wurin da ƙafafun baya suka kama jiki, kada baƙin fenti sabo ya ruɗe ka. Na Amurka kuwa da yawa sun yi haɗari ko ambaliya ta ci su kafin a sayar. Ka ɗaga kafet, ka duba tsatsa a ƙarafunan ƙarƙashin kujera da busasshiyar laka a ramin safaya. A Kamaru da Cadi hannun dama ake bi, sitiyari a hagu. Motar da aka ƙera da sitiyari a dama aka juya shi, ka bar ta: waldar sitiyari da wayoyin da aka jona ba abin dogara ba ne a kan gargada.

Sai gwaji. A fili, ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama. Ƙas-ƙas daga gaba kardan ne, gurnani ko tirjiya daga baya kulocin haɗi ne ko aksul. A kwalta ka kai 90 zuwa 100 ka ji ko ƙasan kujera na rawa, wannan alamar farfela ce. Sannan ka nemi yashi, bakin kowane mayo ya isa, ka sa LOCK ko 4L, wani ya tsaya a waje ya ga tayoyin baya na watsa yashi da idonsa. A ƙarshe ka bar ta a tsaye minti 20 da na'urar sanyi a kunne, ka ga fanka na tashi kuma allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Ka tambaya ko tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, na ciki. Al'adar cire shi da sunan wai ƙasarmu da zafi kuskure ce: inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, kuma ainihin abin da ya jawo zafin, lagireto da ya toshe ko fanka mai rauni, yana nan ba a gyara ba.

Takardu

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ka karanta ta a jikin ƙarfen mota da ƙasan gilashin gaba, ka gwada da ta katin mota da ta takardar duwan (kwastan), harafi bayan harafi. Mota mai arha da ta shigo ta iyakar Najeriya ba takardar duwan, arharta na ƙarewa a shingen farko na jandarma ko duwan. A Kamaru motar da ta haura shekara 10 tana biyan ƙarin haraji wajen shigowa, girman inji kuma na ƙara kuɗin duwan da inshora, don haka a yi wannan lissafi kafin a yi oda. Mai tsallaka gadar Ngeli tsakanin Kusuri da Njamena, ko mai bin Tuboro zuwa Mundu, ya tabbata inshorarsa na tare da katin ruwan hoda na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya.

Bayan an saya

Ka ware kuɗin makon farko tun kafin ciniki, kada ka zuba duk abin da ke hannunka a farashin mota. A canja baƙin mai da filtarsa, filtar iska, filtar mai, man giya, man akwatin raba ƙarfi da na aksul na baya, wanda kusan ba wanda ke tunawa da shi. Aksul na CR-V mai na musamman na Honda yake sha, wani daban na sa shi gurnani. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji mai launi. Ruwan rijiya na barin gishiri da tsatsa su toshe ƙananan bututu. A canja man birki, sannan a riƙa canja shi duk shekara 2, domin yana shan danshi, kuma a gangaren Ngaundare tsohon mai na tafasa birki ya tafi ƙasa. A irin wannan gangare da giya ta biyu ko ta uku ake sauka, inji na riƙe mota. In injin mai bel ne, a canja bel da famfon ruwa nan take, ba tare da la'akari da abin da mai sayarwa ya ce ba. Daga nan baƙin mai duk kilomita 5,000, filtar iska kuma a lokacin hazo a buɗe ta kowane mako a kakkaɓe.

Ƙari ɗaya da ya cancanci kuɗinsa shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, mai kaurin milimita 3, a ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi, a bar ramin zubar da mai da ƙofofin iska. Ɗaga mota fiye da santimita 3 ko 4 na karkata kardan ya riƙa yaga roba. Ƙaton ƙarfen gaba kuma nauyi ne a kan shokozoba, yana kuma tare wa lagireto iska.

A cikin mota a riƙa ajiye famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, shebur, katako mai faɗi na ɗora jak a kan yashi, igiyar ja mai ɗaukar tan 5 zuwa sama, da ruwa lita 10 aƙalla. Kafin shiga yashi mai laushi a sauke iskar taya daga wajen 2.2 zuwa 1.3 ko 1.5 a ma'aunin bar, a kashe maɓallin hana zamewa domin yana yanke totur, a tafi da giya ta biyu ba tsayawa ba murɗa sitiyari da ƙarfi, sannan a mai da iskar da zarar an hau ƙasa mai tauri, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Da ka ji mota ta daina gaba, ɗaga ƙafa daga totur, ka haƙe yashin gaban tayoyi, ka koma baya a kan sawunka.

Ruwa kuwa, iyakar waɗannan motoci tsakiyar taya ce, wajen santimita 30 zuwa 35. Ka buɗe bonet tun yau ka ga inda bututun shan iska ya buɗe baki, domin in ruwa ya shiga nan fistin ba ya iya matse shi, sandarsa ce ke lanƙwashewa. Mayo mai gudu bayan ruwan sama a kan duwatsu ba a gwada shi, ruwan da ya kai gwiwa yana iya ɗauke ƙaramar mota daga kan simintin mashiga; a jira ya sauka, yawanci 'yan awoyi ne. In inji ya mutu a tsakiyar ruwa kada a sake murza makulli. A ja motar waje, a cire fulogai, a juya inji ruwan ya fito, a duba baƙin mai da man aksul, a canja duk wanda ya koma kalar madara kafin a ci gaba da tafiya.